Wa Ya Gaya Muku Makaho Bature Ne?

Akwai wata ƙarya da shafukan intanet na Hausa da dama suke shararawa kullum, kuma ba da baki suke yin ta ba. A can saman kowane shafi, inda idon mai karatu ba ya kaiwa, akwai wani ɗan layi da shafin yake sanar da na'ura harshen da aka rubuta shi da shi. Ka samu kwamfuta, ka buɗe shafin labarai na Hausa, ko na wata ƙungiyar marubuta, ko na gidan rediyon garinku, ka danna Ctrl da U tare, ka duba layukan farko. Sau da yawa abin da za ka tarar shi ne lang="en-US". Wato shafin da aka cika da Hausa tun daga kai har ƙafa yana rantsuwa cewa shi Turancin Amurka ne.

Mai ido ba ruwansa da wannan ƙarya, domin yana ganin Hausarsa ya karanta abinsa. Wanda take cuta shi ne makaho.

Bari in yi bayanin yadda makaho yake karanta intanet, don na san da yawa cikinmu sun ɗauka ba ya yi. Akwai manhajojin da suke bin rubutun da ke kan allo suna furta shi da murya. A wayoyin Android sunanta TalkBack. A iPhone akwai VoiceOver, wadda ta shiga wayar tun 2009. A kwamfuta akwai JAWS ta kuɗi, akwai kuma NVDA ta kyauta, wadda wani makaho ɗan Ostireliya mai suna Michael Curran ya fara ginawa a 2006, daga baya abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya haɗa hannu da shi. Da irin waɗannan manhajoji makaho yake buɗe saƙo, ya karanta jarida, ya tura kuɗi, ya nemi gurbin karatu, ba tare da ya roƙi kowa ya duba masa ba.

Sai dai manhajar karatun allo ba ta san ma'anar abin da take furtawa ba. Haruffa take gani, sai ta ɗora musu ƙa'idar furucin harshen da aka ce mata shi ne. In shafi ya ce mata Turanci ne, da ƙa'idar Turanci za ta karanta. Ɗauki wannan jimla: “Mace ta sake kai wake da dare.” Duk Bahaushe ya fahimta. To amma mace da sake da wake da dare duk akwai su a Turanci da wannan rubutu, da wani furuci daban da wata ma'ana daban. Muryar Turanci za ta haɗiye wasalin ƙarshe ta ce wani abu mai kama da “mes ta sek kai wek da diya.” Harafin c da muke furtawa a ci da ciki sai ta mayar da shi s ko k. In ta iso kan ƙ da ɗ da ɓ kuwa, wata muryar ta tsallake su, wata ta tsaya tana kiran sunan harafin a tsakiyar kalma. Alhali kowa ya san tazarar da ke tsakanin baki da baƙi, da tsakanin kafa da ƙafa.

Ni ma'aikacin rediyo ne, kuma a aikinmu in mai gabatar da shiri ya karkace sunan wani ƙauye, kafin ya fito daga ɗakin watsa shiri waya ta fara ruri. Masu sauraro ba sa yafe wannan, kuma suna da gaskiya. Duk wanda ya daɗe a wannan aiki ya san makafi suna cikin masu sauraron da suka fi kowa riƙon amana. Su ne suke kira, su ne suke tuna abin da ka faɗa makon jiya, su ne suke gyara maka kwanan wata. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, har zuwa gidajen FM da suka cika Kano da Katsina da Maraɗi a yau, rediyo ne kafar da makaho da mai ido suke daidai a cikinta. Yanzu duk mun ɗunguma zuwa intanet. A ƙarshen kowane labari sai mu ce “domin ƙarin bayani ku ziyarci shafinmu.” Makaho ya bi umarninmu ya ziyarta, sai ya tarar mun ajiye masa wani Bature a bakin ƙofa yana tauna Hausa kamar mai cin tsakuwa.

Kada wani ya ce mutum nawa ne. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.13 masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. Shiyyar Arewa maso Gabas ce ta fi kowace yawan kason makafi, da kashi 6.1 cikin ɗari, yayin da Kudu maso Yamma take da kashi 2.8. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makantar, sai hawan jinin ido. Wannan lissafi bai haɗa da yara da matasa ba, bai kuma haɗa da dattijon da idonsa ya yi rauni har ba ya iya karanta ƙananan haruffan waya. Cutar ta fi nauyi a yankin da aka fi jin Hausa. Makarantar makafi ta Gindiri tana koyarwa tun 1953, makarantar Tudun Maliki a Kano ita ma ta yaye ɗalibai masu yawa. Waɗannan mutane sun yi karatu, suna riƙe da wayoyi, kuma labarin da kake nema su ma shi suke nema.

Matsalar ba ta tsaya a Nijeriya ba, domin Hausa ba ta tsaya a nan ba. Akwai shafukan da ba su yi ƙaryar Turanci ba, sun dai bar layin harshen fayau babu komai. A irin wannan hali manhaja tana amfani da muryar da aka saita wayar da ita. A Kano galibi Turanci ne. A Maraɗi da Damagaram Faransanci ne, kuma a ƙa'idar Faransanci ba a furta h, sannan a da u in sun haɗu o suke zama. Ita kanta kalmar Hausa muryar Faransanci “oza” za ta ce.

Ka ƙara gaba, ka bi hanyar da 'yan ci-rani suke bi daga Agadas zuwa Dirku, ka tsallaka iyaka zuwa Gatrun har Sabha, babban birnin yankin Fezan a kudancin Libiya. Tun zamanin ayarin raƙuma da ke haɗa Kano da Gat da Murzuk da Turabulus ake jin Hausa a wannan yanki, kuma har yau akwai Hausawan Nijar da Nijeriya da ke neman abinci a can. Ka ɗauki ƙaramin gari irin Samnu, mai gonakin dabino a arewa maso gabas da Sabha. Wayar da aka saya a kasuwar can da Larabci ake saita ta. Bahaushen da idonsa ya mutu a irin wannan wuri, nesa da danginsa, wayar nan ce hanyarsa ta jin abin da ke faruwa a gida: ko an buɗe iyaka, ko ruwa ya sauka, ko 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu. Muryar Larabci kuwa ba don haruffan boko aka gina ta ba. Rubutu guda, mun bar shi a hannun Turanci da Faransanci da Larabci kowa yana jan sa yadda ya ga dama, saboda mun kasa rubuta sunan harshenmu a kan kayanmu.

Sunan kuwa haruffa biyu ne kacal: h da a. A jerin lambobin harsuna na duniya da ake kira ISO 639-1, lambar Hausa ita ce ha. Abin da ake bukata shi ne shafi ya ce lang="ha". Mai son fayyacewa yana iya cewa ha-NG don Hausar Nijeriya, ko ha-NE don ta Nijar, inda suke rubuta ƴ a wurin da mu muke rubuta 'y. Wikipedia ta Hausa tana ɗauke da wannan alama a kowane shafinta, kuma 'yan sa-kai ne suke cika ta da rubutu. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da kundin WCAG 2.0 tun Disamba 2008, kuma sharaɗi na 3.1.1 a cikinsa shi ne a bayyana harshen shafi. Yana cikin matakin A, wato mafi ƙanƙantar abin da ake nema daga kowane shafi. Cibiyar WebAIM da ke Jami'ar Jihar Utah a Amurka tana duba shafuka miliyan ɗaya mafiya farin jini duk shekara. A 2019 ta samu kashi 33 cikin ɗari ba su bayyana harshensu ba, a 2024 adadin ya sauko zuwa kashi 17. Duniya tana gyarawa. Mu kuma namu ya fi na rashin faɗa muni, tun da faɗar muke yi ba daidai ba.

Daga ina ƙaryar ta samo asali? Daga ganda. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kan WordPress aka gina su, kuma in ka kafa shi da Turanci, shi da kansa yake rubuta en-US a kan kowane shafi. Maginin shafi ya karɓi kuɗinsa, ya zuba launuka, ya ɗora hoton mai gidan, ya miƙa mabuɗi ya tafi. Edita bai san akwai layin ba, balle ya tambaya. Haka za a shekara goma ana zuba Hausa a cikin tulun da aka rubuta wa Turanci a jiki.

Na san amsar da masu fasaha suke bayarwa, don ita ce mafi ƙarfi a hannunsu. Suna cewa: yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu ba su zo da muryar Hausa ba, to in mun rubuta ha wa zai karanta? Gaskiya ne muryar ta yi ƙaranci. Amma wannan hujja da kanta take kayar da mai ita.

Na farko, in shafi ya ce Hausa ne kuma manhaja ba ta da muryar Hausa, sai ta tsaya a kan muryar da mai wayar ya zaɓa wa kansa. Zaɓin yana hannunsa ke nan, kuma akwai muryoyin da suka fi Turanci kusa da rubutunmu nesa ba kusa ba. A rubutun harshen Indunusiya ana furta c da j kamar yadda muke furta su, kuma ba a haɗiye wasalin ƙarshe. Swahili ma yana furta wasulansa duka. Ba Hausa ba ce, ba za ta ba ka karin sauti ko ƙ da ɗ ba, amma da babu gara ba daɗi. In kuwa shafi ya ce shi Turanci ne, manhajar da aka saita ta riƙa bin harshen shafi za ta watsar da zaɓin mai ita ta koma Turanci. Ka ga mun hana shi muryar Hausa, mun kuma ƙwace masa dabarar da ya yi wa kansa.

Na biyu, muryar tana tafe. Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara tun Disamba 2013. A Mayun 2023 kamfanin Meta ya fitar da tsarin mayar da rubutu murya na harsuna sama da 1,100, kuma Hausa na ciki. Ranar da irin wannan murya ta shiga wayar kowa, shafin da ya ce ha zai fara magana da Hausa nan take, wanda ya ce en-US kuwa zai ci gaba da gwalantunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma da wane baki za mu je mu ce wa kamfanonin waya su yi mana murya, alhali shafukanmu da kansu suna shaida cewa babu Hausa a intanet?

Akwai kuma harshen da ke shigowa a tsakiyar rubutu. Marubucin Hausa yakan kawo aya ko hadisi da Larabci, yakan kawo sunan hukuma da Turanci ko Faransanci. Sharaɗi na 3.1.2 na wancan kundi ya ce a yi wa irin wannan yanki tasa alamar. Aya a sa mata lang="ar" tare da alamar cewa daga dama take farawa. Muryar Larabci tana nan a wayoyi, za ta karanta. In ba a sa ba, an bar wa muryar wani harshe ta yi abin da ta ga dama da ayar. Masu rubuta ajami su ma suna da tasu lambar, ha-Arab, don a san Hausa ce cikin haruffan Larabci.

Sai maganar take. A nan akwai abu biyu masu suna ɗaya a harshen HTML, kuma rikita su da ake yi yana jawo ɓarna.

Na farko shi ne taken shafi, wanda yake fitowa a can saman burauza. Shi ne abin da manhajar karatun allo take fara furtawa da zarar shafi ya buɗe, kuma da shi makaho yake bambance shafukan da ya buɗe. Mai ido da kallo ɗaya ya san inda yake. Makaho sai an gaya masa. A rediyo ba ka fara labarai sai ka faɗi sunan tasha da kanun labarai, don wanda ya murɗo akwatinsa yanzu ya san inda ya sauka. To me za a ce da shafin da takensa Home, ko Untitled, ko wanda labarai ɗari duk takensu sunan gidan jaridar kawai? Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane shafi da nasa take, da Hausa, kan labari a gaba, sunan gida a baya.

Na biyu shi ne ɗan bayanin title da ake maƙala wa hoto ko maɓalli ko mahaɗa, wanda yake ɓullowa in ka ɗora linzamin kwamfuta a kai. Masu gina shafi suna ƙaunar wannan abu, suna ɗauka da sun sa shi sun sauke haƙƙin makafi. Ba su sauke ba. A waya babu linzami, saboda haka ko mai ido ba ya ganinsa. Manhajojin karatun allo kuma ba su yi ittifaƙi a kansa ba: wata ta karanta, wata ta yi shiru, wata sai an shiga saiti. Kundin ƙa'idar HTML da kansa ya yi gargaɗin kada a dogara da shi. Duk da haka za ka ga mahaɗa an rubuta mata “danna nan,” an ɓoye ainihin bayanin a cikin title. Ko a maimaita rubutun mahaɗar a cikinsa, makaho ya ji magana ɗaya sau biyu a kowane layi. Abin da yake da muhimmanci a rubuta shi a fili inda kowa zai same shi. Hoto kuma yana da nasa gurbin bayani mai suna alt, a can ake faɗar abin da ke cikinsa.

Inda title yake da amfani na gaske, can ne kuma aka fi mantawa da shi. In gidan rediyo ya dasa akwatin sauraro kai tsaye ko bidiyon YouTube a cikin shafinsa, wannan akwati yana bukatar suna, misali “Saurari tasharmu kai tsaye.” In babu, abin da makaho zai ji shi ne akwai wani firam a nan, ba tare da sanin na mene ne ba. Haka maɓallin kunna sauti da aka yi shi da zanen kibiya babu suna, manhaja “maɓalli” kawai za ta ce. Binciken WebAIM na 2024 ya samu irin waɗannan maɓallai marasa suna a kashi 28 cikin ɗari na shafukan da ya duba. Ka yi tunanin wannan abin kunya: gidan rediyo, wanda duk sana'arsa sauti ce, makaho ya zo shafinsa ya kasa gano inda ake kunna sautin.

Wasu za su ce ai taimako ne, in an samu hali a yi. Ba sadaka ake roƙo ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu bukata ta musamman ta 2006 ta ambaci intanet da sunansa a sashe na 9, sashe na 21 kuma ya nemi a ƙarfafa wa kafafen yaɗa labarai su sauƙaƙa ayyukansu ga waɗannan mutane. Nijar ta amince da ita a 2008, Nijeriya a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman wariya, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wannan gyara yana cin siminti da rodi. Namu gyaran ba ya cin buhu ko ɗaya. Mu 'yan jarida mun iya zuwa ma'aikatu mu ɗauki hoton matakalar da keken guragu ba ya hawa, mu yi rahoto mai zafi, sannan mu ɗora rahoton a shafin da makaho ba ya iya karantawa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Muna yawan cewa gani ya kori ji, kuma da wannan tunani muke gina shafukanmu: in ya yi kyau a ido, an gama. Amma mu ne kuma muka ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Sanarwar rigakafin sanƙarau, gargaɗin ambaliya, ranar rufe rajistar jarrabawa, sunayen hanyoyin da ba a bi saboda masu garkuwa da mutane, duk yanzu a intanet suke fara fita. Wanda kunnensa ne idonsa, in muka dagula masa abin da yake ji, mun taɓa lafiyarsa da dukiyarsa.

Saboda haka ga kirana. Editoci da shugabannin gidajen rediyo, ku kira wanda ya gina muku shafi yau, ku ce ya nuna muku layin harshe da idonku. In ba ha ba ne, ya gyara kafin ya tashi daga kujera, aikin bai kai tsawon tallar sabulu ba. Masu ba da kwangilar shafi, gwamnati ko 'yan kasuwa, ku rubuta wannan a cikin sharuɗɗan biya. Malaman da ke koyar da gina shafuka a kwalejojin fasaha da jami'o'inmu, ku daina ba da maki ga aikin da ya yi ƙarya a layinsa na farko. Marubutan da ke da shafukan kansu, kada ku jira kowa. Sannan a riƙa ɗaukar makafi masu amfani da waɗannan manhajoji su gwada shafi kafin a buɗe shi, a biya su kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre, domin sun fi mu sanin inda ƙaya take.

Wanda kuma har yanzu yake ganin na cika baki, ga gwaji mai arha. Ya shiga saitin wayarsa ya kunna TalkBack, ya buɗe shafin da ya fi alfahari da shi, ya rufe ido na minti goma, ya nemi labarin yau ya saurara har ƙarshe. In ya iya, to ya rubuto mini raddi, zan karanta shi a iska da bakina, kuma ba zan karkace masa ko kalma ɗaya ba.

Allah ya ba mu ikon gyarawa.